Sauraro, Horo ko Magani: Wace Jinya Za Ka Biya Wa Kuɗi?

Yawancin masu zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam suna zaton abin duk ɗaya ne: a zauna, a faɗi damuwa, a karɓi nasiha a tashi. Alhali fannin yana da mazhabobi, kuma abin da za a yi maka a cikin minti 50 ɗin da ka biya ya danganta ne da wadda mai jinyar, wato masanin da ke duba ka, ya koya. Tun da yawancinsu mako-mako ake zuwa, kuskuren zaɓi kuɗin wata da watanni ne.

Mu fara da wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta, wato hanyar Carl Rogers, Ba'amurken da ya fito da ita a shekarun 1940. Tushenta shi ne mutum yana ɗauke da ƙarfin gyara kansa, kamar iri da ke jiran damina, abin da ya rasa yanayi ne. A 1957 Rogers ya zayyana sharuɗɗa shida na wannan yanayi, uku daga ciki suna wuyan mai jinya: ya fahimci lamarin yadda mai shi yake jinsa, ya karɓi mutumin ba tare da gindaya masa sharaɗi ba, kuma kada ya yi fuska biyu, abin da ke ransa ya dace da abin da ke bakinsa. A aikace, kai ne kake jan zaren hirar. Babu aikin gida, babu jadawali. Idan ka ce "na gaji da gidan nan", ba zai ce ka yi haƙuri ba, ba zai ce ka fita ba. Zai iya cewa "kamar kana nufin kana ta ɗawainiya amma ba mai gani", sai ka ji ko ya dace, ka gyara masa in ya kauce. A wannan gyare-gyaren ne mutum yake gano ainihin abin da ke cinsa.

A nan ake samun saɓani da mutanenmu. Mun saba idan aka kai kuka wurin babba ko malami, a dawo da umarni. Sai mutum ya yi zama uku, ya fito yana cewa likitan ba ya komai sai gyaɗa kai. Wani lokaci rashin sabo ne. Wani lokaci kuwa gaskiyarsa ce, domin hanyar tana da sauƙin kwaikwayo da wuyar ƙwarewa, kuma raggon mai jinya yakan ɓuya a bayanta yana maimaita kalmominka kamar aku. Ga yadda ake bambance su: ƙwararre yakan mayar maka da abin da ka kusa faɗa amma ka haɗiye, raggo kuwa abin da ka riga ka faɗa kawai yake mayarwa.

Wannan hanya ta dace da wanda aka yi wa rasuwa, da matar da aurenta ya mutu tana neman gane kanta, da saurayin da ya karanta abin da iyaye suka zaɓa masa ransa na wani wuri, da duk wanda ya tashi cikin tsangwama har ya yarda shi ba komai ba ne. Aibinta a aljihu shi ne ba ta da ranar gamawa. Ka nemi a yanke adadi tun farko, misali zama takwas, sannan a duba.

Daga wannan gida ne dalar buƙatu ta Abraham Maslow ta fito, wadda ya gabatar a 1943: ci da sha da barci, sai tsaro, sai ƙauna da zama cikin jama'a, sai daraja, sai mutum ya kai iyakar baiwarsa. Zanen dalar da ake gani a littattafai ma ba shi ya yi ba, daga baya aka ƙirƙira. Amfaninta ga mai zaɓe ɗaya ne: mai jinyar da bai tambaye ka barcinka da abincinka da ko ana dukanka a gida ba, ya tsallake zuwa zancen cika buri, ya fara gini daga rufi. Haka kuma a lura, an rubuta waɗannan ra'ayoyi ne a al'ummar da ke fifita ɗaiɗaikun mutane. Wanda ya haddace su ba tare da tunani ba zai iya ɗaukar kunya da biyayya ga iyaye a matsayin ciwo. Mabiyin Rogers na gaskiya ba zai tura ka ka yi fito-na-fito da mahaifinka ba, domin ƙa'idarsa ce ma'aunin ya zama naka.

Gestalt, ta Fritz Perls, 'yar ɗaki ɗaya ce da ta Rogers amma ta fi zafi. Sananniyar dabararta ita ce a ajiye kujera babu kowa, a ce ka yi wa wanda ya ɓata maka ko wanda ya rasu magana kamar yana zaune. Tana fasa abin da ya daɗe a ƙunshe, sai dai ga wanda ya tsira daga hari ko garkuwa, yin ta a hannun wanda bai ƙware ba yana iya tayar da firgicin ba tare da kwantar da shi ba.

Idan matsalar shaye-shaye ce, tiramadol ko kodin ko wiwi, nemi wanda ya iya hirar zaburarwa, wadda William Miller ya fara bayyanawa a 1983. Ta ɗauki sauraron Rogers amma tana da alƙibla. Maimakon wa'azi, wanda yakan sa mai shan ya ƙara kafewa, sai a tambaye shi: daga sifili zuwa goma, nawa kake son bari? In ya ce huɗu, sai a ce me ya sa ba biyu ba? Da bakinsa zai fara jero dalilan bari. Gajera ce, sau da yawa zama ɗaya zuwa huɗu, kuma ba ta maye gurbin kulawar likita ga wanda jikinsa ya riga ya kamu.

A ɗaya gefen akwai CBT, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya gina a shekarun 1960. Ita horo ce: a rubuta tunanin da ke zuwa, a auna shi da hujja, a ba ka aikin da za ka yi kafin mako mai zuwa, yawanci cikin zama 6 zuwa 20. Ga waswasi mai tsanani, irin wanda ke sa mutum maimaita alwala har lokacin salla ya fita, ga tsoron wani abu takamaimai, ga bugun fargaba mai zuwa farat ɗaya, ita ce za a fara nema, domin waɗannan suna buƙatar a riƙa tunkarar abin tsoron mataki-mataki, sauraro kaɗai ba ya yin wannan. Wanda ba zai yi aikin gidan ba kuwa, asarar kuɗinsa zai yi.

Akwai halin da babu zancen zaɓi. Jin muryoyi, kwana da kwanaki ba barci tare da surutu da ɓarnar kuɗi, ƙin cin abinci, ko tunanin kashe kai: wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, shi ke da ikon rubuta magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji tasirinsa, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan samun sauƙi. Yankewa da wuri yakan dawo da ciwon. Ana iya haɗa shi da kowace daga cikin jinyoyin magana.

Kafin ka biya, tambayi mai jinyar wace hanya yake bi, a ina ya yi horo, da kuɗin zama ɗaya, sai ka ninka da adadin zaman. Tambaye shi da wane harshe za a yi, domin damuwar da aka ji da Hausa takan rage nauyi idan aka faɗe ta da Turanci. Ka ji matsayinsa kan addu'a da ruƙiyya: wanda ya raina su zai yi wuya ya fahimce ka, wanda kuma ya ce ka ajiye maganin asibiti saboda su, ka bar shi. Nemi a cike maka takardar PHQ-9 mai auna ciwon damuwa, tambayoyi tara masu maki daga 0 zuwa 27, a zaman farko, a sake a na shida. Idan makin bai motsa ba kuma har lokacin kana ɓoye masa magana, ka faɗa masa kai tsaye ko ka sauya. Sannan a fayyace wa zai ji abin da ka faɗa, musamman idan miji ko uba ne ke biyan kuɗin.