Sharhi kan aikin wani kamfanin auna iskar gas a cikin kwal

Mun ɗauki wani kamfanin gwaje-gwaje domin ya auna mana iskar mitan (methane), wato gas mai kamawa da wuta, da ke cikin kwal ɗin da muka ciro daga rijiyar gwaji a yankin Obi na jihar Nasarawa, inda kwal ya fi na Maiganga ta jihar Gombe nuna, wato ya fi shi ƙosawa a ƙarƙashin ƙasa.

Aikinsu na bakin rijiya ba shi da makusa. Gas ɗin kwal manne yake a jikin kwal ɗin, matsin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke riƙe da shi, saboda haka da zarar an fara jawo samfur sama sai ya soma tserewa. Ma'aikacinsu yakan tsaya da agogo a hannu, ya rubuta lokacin da aka soma jawo samfurin, da lokacin da ya iso, da lokacin da aka toshe shi a tulun ƙarfe, domin da waɗannan mintoci ake ƙiyasta gas ɗin da ya salwanta a hanya. Tulunan kuwa cikin ruwan ɗumi suka jera su, daidai da zafin zurfin da kwal ɗin ya fito, suka yi makonni suna auna abin da ke fita, sannan suka niƙe kwal ɗin suka auna ragowar.

Inda gizo ke saƙar shi ne rahoton, wanda ya faɗi yawan gas a kowane tan, daga nan ya tsallaka ya ce wurin zai yi riba. Ba su gwada ko tsage-tsagen da ke cikin kwal ɗin za su bar gas ya ratsa zuwa rijiya ba, alhali a nan maganar take. A kwarin Powder River na jihar Wayomin a Amurka, gas ɗin da ke cikin tan guda bai taka kara ya karya ba, amma kaurin shimfiɗar kwal da yalwar tsage-tsagenta sun sa an haƙa dubban rijiyoyi. Haka kuma ba su ce uffan kan ruwan da dole a yi watanni ana zuƙewa kafin gas ya taso ba, ga shi Keana da Awe, garuruwan gishiri, suna maƙwabtaka da wurin, kuma manomi ba zai yarda a malala masa ruwan gishiri a gona ba.

Zan sake ba su aikin awo, amma gwajin ratsawar gas da na ruwa wani kamfanin za mu nema.