Aristotal, Jahiz, Ibn Rushd, Gazali da William James: wa ya ce me a kan gaskiya?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Samaru, ka ce tun kana yaro kake jin "gaskiya ɗaya ce", sai ga shi a aji an ce muku masana falsafa ba su ma daidaita a kan mece ce ita ba, kana so a jera maka su kusa da kusa. To mu gwada su da daren duban wata. Wani dattijo a Ƙofar Doka ya rantse ya ga jinjirin wata bayan magariba, maƙwabcinsa da suke tsaye wuri ɗaya ya ce shi bai ga komai ba.

Aristotal, Bagirken da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa zai yi ku ƙyale mutanen, ku dubi sama. In wata ya tsaya, dattijo ya faɗi gaskiya. In bai tsaya ba, rantsuwa ba ta tsayar da shi. Duk wanda ya karanta balaga a zaurukan cikin birni ya san wannan, don shi ne ra'ayin jumhuru, wato mafi yawan malamai: labari ya dace da abin da ya auku.

Sai dai a littattafan nan akwai saɓani mai daɗi. Nazzam na Basra, malamin Mu'utazilawa, wato masu ba hujjar hankali ƙarfi a aƙida, ya ce ma'aunin shi ne abin da mai magana ya ƙudurce a ransa. Hujjarsa farkon Suratul Munafiƙun: munafukai sun ce Annabi (SAW) manzon Allah ne, haka kuwa yake, amma Allah ya kira su maƙaryata. Ɗalibinsa Jahiz ya ce sai magana ta dace da duka biyun, da abin da ya auku da abin da ke zuci. Saboda haka in guntun gajimare dattijonmu ya gani ya zaci wata, a wurin Jahiz bai faɗi gaskiya ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ni dai a ganina yawancin gardamar majalisa a wannan tsakiyar take, muna ta ƙaryata mutanen da kuskure kawai suka yi.

Ibn Rushd na Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da hankali kan masu sauraro. Ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, mutane ne hanyarsu ta gamsuwa ta bambanta: wani wa'azi ke shigarsa, wani sai an yi muhawara, kaɗan ne ke bin yankakkiyar hujja daki-daki. Mai lissafin taurari da mai jiran sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo wata ɗaya suke nema, kowa da matakalarsa.

Imam Gazali, da ya rasu a 1111, kayan awon kansu ya tuhuma. Ido yana ganin tauraro kamar dinari, lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Yana ganin inuwa a tsaye, bayan sa'a guda ka tarar ta gusa. To hankali ya kama ido da kuskure, shi kuma hankalin wa zai kama shi? Ya ba da labarin cewa ya yi kusan wata biyu cikin wannan kokwanto, kuma ba hujja ce ta fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Nan ya rabu da Ibn Rushd: shi Ibn Rushd ya ɗora hujjar hankali a ƙololuwa, Gazali ya ce akwai wani mataki a samanta, na ɗanɗano, irin na sufaye.

William James Ba'amurke, a laccocinsa da aka buga a 1907, ya ce ra'ayi yana zama gaskiya ne idan an gwada shi a rayuwa ya kai mutum inda ya yi alkawari. Ana yawan yi masa ƙage cewa ya ce duk abin da ya biya maka buƙata gaskiya ne, alhali ya sharɗanta ya dace da sauran abubuwan da muka sani, kuma ya ɗore. Matsalata da shi ita ce lokaci. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wani furen yana daɗewa, liman kuma daren nan yake son sanin ko za a fara tarawihi.

In karatu za ka fara, fara da Almunƙizu Minad Dalal na Gazali. Ƙaramin littafi ne, a ciki ya auna malaman kalam, wato masu kare aƙida da muhawara, da Baɗiniyya, masu cewa sai ta bakin imami ma'asumi ake sanin gaskiya, da masu falsafa da sufaye ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka ɗauko Faslul Maƙal na Ibn Rushd ka ji yadda ya mayar wa Gazali da martani a kan kafirta masu falsafa.