Sharhi a kan Babylon: ban bi masu zaginsa ba, ban kuma bi masu yabonsa har ƙarshe ba

Tun da Babylon ya shiga sinimomin Amurka ranar 23 ga Disamba 2022, masu kallo suka rabu gida biyu a kansa, kuma har yau ba su shirya ba. Kamfanin Paramount ya kashe wajen dala miliyan 80 a kan fim ɗin, abin da ya dawo daga duniya baki ɗaya bai wuce kimanin miliyan 63 ba, a Amurka kuwa miliyan 15 ne da 'yan kai. CinemaScore, masu tare mutane a ƙofar sinima su tambaye su ra'ayi a daren farko, sun ba shi C+, wanda a ma'auninsu maki ne mai rauni. Wasu sun ɗora laifin a kan lokaci, tunda mako guda kafin nan Avatar na biyu ya fito ya kwashe kasuwa, ga kuma guguwar sanyi da ta kulle mutane a gida a Kirsimetin shekarar. Duk da haka, bayan fim ɗin ya sauko intanet sai ga wata runduna ta masoya ta taso tana rantsuwa cewa an zalunce shi, nan gaba za a gane darajarsa. Na kalle shi a natse daga farko har ƙarshe, kuma ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Damien Chazelle ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, wato mutumin da ya yi Whiplash da La La Land, wanda ya ci kyautar Oscar ta darakta yana ɗan shekara 32. Labarin ya fara a 1926, zamanin da finafinan Hollywood ba su da murya, sai hoto da rubutu a tsakani. Mutum uku ne ginshiƙinsa: Jack Conrad, babban jarumin da yake kan ganiyarsa, wanda Brad Pitt ya hau; Nellie LaRoy, yarinyar da ta zo daga New Jersey ba ta da ko kwabo sai ƙarfin hali, Margot Robbie ce ta fito a matsayinta; sai Manny Torres, ɗan Meziko mai aikin aike da ke mafarkin shiga harkar, wanda Diego Calva ya yi. Tsawonsa awa uku da minti tara.

Kafin komai, gargaɗi, kuma da gaske nake. Wannan ba fim ba ne na zaman falo da iyali. Rabin awar farko shagali ne a gidan wani attajirin furodusa, da tsiraici a fili, da hodar iblis tuli a kan tebur, da ƙazantar da ba zan tsaya lissafawa ba. Minti kaɗan da farawa giwa ta yi wa mutum kashi a ka, har a kan gilashin kyamara. Yayata, wadda ta fi ni son tsofaffin finafinai nesa ba kusa ba, a nan ta ajiye shi. Na ce mata, "Yaya, ki ɗan daure, abin yana gaba." Ta ce wanda ya tarbe ta da wannan a bakin ƙofa ba ta da sauran abin nema a cikin ɗakinsa. Ban yi mata musu ba, don hujjarta ita ce hujjar mafi yawan waɗanda suka ƙi fim ɗin: an cika shi da hayaniya da ƙazanta don a girgiza mutum, kuma an ja shi ya yi tsawon da bai kamata ba. Chazelle yana so ya nuna cewa Hollywood ta wancan zamani ba tsaftatacciya ba ce kamar yadda hotunanta na baƙi da fari suke nunawa. Na fahimta. Amma da ya faɗa sau ɗaya mun ji. Shi kuwa sai da ya maimaita har ya gundure.

Inda na rabu da su shi ne abin da ya biyo bayan shagalin. Gari na wayewa aka kai mu lokeshan a cikin daji, fili guda ana ɗaukar finafinai barkatai a lokaci ɗaya, kowanne a rumfarsa, tunda babu ruwan kowa da hayaniya. Can gefe wani darakta Bajamushe yana ɗaukar yaƙi da ɗaruruwan talakawan da aka kwaso daga titi, ana sara da suka da gaske, har wani ya mutu da mashi a ƙirji aka ce ai dama mashayi ne, aka ci gaba da aiki. Dawakai suka tattake kyamarori duka, rana tana shirin faɗuwa, kuma hasken rana kaɗai ake da shi. Aka tura Manny gari neman hayar kyamara, ya dawo a guje cikin motar asibitin da ya sace. A daidai wannan lokaci Nellie tana wata rumfa tana nuna wa daraktarta, wata mace, cewa za ta iya zubo hawaye duk sanda aka ce, ɗigo biyu ko ɗigo ɗaya, yadda ake so. Aka jera ayyukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har rana ta taɓa dutse, Jack ya fito daga tanti a buge ko tsayuwa ba ya iyawa, aka ce a fara, sai ga shi ya miƙe ya zama wani mutum daban. Wannan minti talatin ɗin kaɗai sun biya ni lokacina. Na yi dariya sosai, kuma dariyar tana tafe da sanin cewa akwai gawa kwance a filin ba wanda ya waiwaye ta.

Sai murya ta zo. A watan Oktoban 1927 kamfanin Warner ya saki The Jazz Singer, inda aka ji Al Jolson yana waƙa yana magana, kuma cikin 'yan shekaru fim marar murya ya zama tarihi. Babylon ya nuna abin da wannan sauyi ya yi wa ma'aikata a fitowa guda wadda, a ganina, ita ce zuciyar fim ɗin. Nellie za ta shigo ɗaki ta ajiye akwati ta faɗi jimla biyu ta ɗaga tarho. Shi ke nan aikin. Amma makirufo a rataye yake wuri ɗaya, dole ta tsaya daidai kan alamar da aka yi mata a ƙasa. In ta ɗaga murya na'ura ta tsage, in ta sassauta ba a ji. An kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki saboda ƙara, fitilu suna gasa mutane, wani ya yi atishawa, wani ya buɗe ƙofa, a koma farko. Mai ɗaukar hoto kuma an rufe shi da kyamararsa a cikin wani akwati don kada ƙarar injin ta shiga faifai. Yana ta roƙo a buɗe masa ya sha iska ana ce masa saura kaɗan. Da aka samu ɗauka mai kyau kowa ya ɓarke da murna, aka buɗe akwatin, ya faɗo matacce. Akwatin nan ba ƙirƙira ba ce, an yi amfani da irinsa a farkon zamanin sauti. Wanda ya ce fim ɗin ba shi da abin faɗa sai batsa, ina zargin bai kai nan ba.

Faɗuwar Jack ta fi tafiya a hankali, kuma Brad Pitt ya yi ta da nutsuwar da ban zata ba. Muryarsa lafiya lau take. Kawai ya leƙa sinima ne a ɓoye ya tarar mutane suna ƙyalƙyala dariya a wurin da yake furta kalaman soyayya. Abin da ido ya karɓa a da, kunne ya ƙi. Wannan ya yi kama da abin da ya sami John Gilbert, jarumin kamfanin MGM, wanda aka yi wa dariya a fim ɗinsa na 1929, darajarsa ta zube, ya rasu a 1936 yana da shekara 38. Nellie kuma an ɗebo ta ne daga rayuwar irin su Clara Bow, jarumar wancan zamani wadda aka riƙa gorantawa saboda asalinta da harshenta na 'yan unguwa.

Akwai mutum biyu da nake jin haushin yadda aka taƙaita su. Sidney Palmer, baƙar fata mai busa ƙaho, wanda Jovan Adepo ya fito a matsayinsa, sauti ne ya ɗaga shi ya zama tauraro. Ran nan Manny, wanda yanzu ya zama babba a kamfani, ya miƙo masa baƙin shafe irin na gawayi ya ce ya shafa a fuska, wai fitila ta sa ya fi abokan kiɗansa haske, kuma 'yan kallo a kudancin Amurka ba za su yarda da tawagar da ta yi kama da gauraye ba. Ya shafa don kada sauran su rasa albashi, ya busa, kyamara tana kan idonsa, ya gama ya fita daga kamfanin bai sake komawa ba. Fitowar ba ta kai minti biyar ba, amma ta fi duk shagalin farko nauyi. Haka Lady Fay Zhu, Basiniyar da ke rubuta kalmomin da ake sakawa tsakanin hotuna, wadda ta tuna mini da Anna May Wong, jaruma 'yar asalin Sin ta Hollywood ɗin wancan zamani. Da an rage awa ta uku an ƙara wa waɗannan biyu fili, da fim ɗin ya fi haka. Domin awa ta uku, inda Nellie ta ci bashin caca har aka shiga wani kogon ƙarƙashin ƙasa tare da ɗan dabar da Tobey Maguire ya hau, ita ce mafi rauni. Tsoro ne da ƙyama ba tare da sun ƙara wa labarin komai ba. A nan masu cewa an yi tsawo sun yi gaskiya.

Yanzu ga inda na rabu da masoyan, kuma wanda bai kalla ba ya sani zan taɓa ƙarshe. Abin da suka fi yaɗawa shi ne jawabin da 'yar jarida Elinor, wato Jean Smart, ta yi wa Jack: lokacinsa ya wuce kuma babu dalili, amma duk ranar da wani ya ɗora faifansa bayan shekara ɗari zai sake rayuwa. Sai kuma rufewar fim ɗin a 1952, Manny ya dawo Los Angeles bayan shekaru da barinta, ya shiga sinima ana nuna Singin' in the Rain, fim ɗin waƙa da barkwanci a kan zuwan sauti Hollywood, ya ga an mayar da wahalar mutanen da ya sani abin raha, ya fashe da kuka, daga nan aka jero gutsattsarin finafinai tun daga jerin hotunan doki mai gudu da Muybridge ya ɗauka kafin a san sinima har zuwa Avatar, ya koma murmushi. Mutane da yawa sun ce a nan suka yi hawaye. Ni a nan raina ya ɓaci. Awa uku ana nuna mini masana'antar da ke tauna mutane ta tofar, sannan a minti biyar na ƙarshe a ce mini ai ba komai, ga abin da aka samu. Mai ɗaukar hoton da ya mutu a akwati ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda da wannan ciniki.

Alkawarin Elinor ma bai cika ga yawancinsu ba. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa murya kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kimanin kashi 70 cikin ɗari sun ɓace ɗungurungum. Faifan wancan zamani yana ruɓewa, yana kuma kamawa da wuta cikin sauƙi. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 ta cinye mafi yawan tsofaffin finafinan kamfanin, wasu kuma kamfanonin da kansu suka lalata su don suna ganin ba za su ƙara kawo kuɗi ba. Fim ɗin da ya kafa kansa a kan tonon asirin Hollywood bai kamata ya tsallake wannan ba. Abin ya fi taɓa ni saboda mun ga irinsa a gida: finafinan Hausa nawa na zamanin kaset ɗin bidiyo ne yau in ka nema ba za ka samu kwafi mai kyau ba, kuma mutum nawa ne da suka ci abinci da kaset da faifan CD kasuwa ta bar su a baya da aka koma YouTube?

Kiɗan Justin Hurwitz kuwa ba ni da ta cewa a kansa sai yabo. Ya ci kyautar Golden Globe, an kuma sa shi takarar Oscar tare da masu tsara wuri da masu tufafi, ko da yake ba wanda ya ɗauka cikin ukun. Ƙaho da ganguna ne suke riƙe da fim ɗin a wuraren da labarin ya saki, don haka in za ka kalla kada ka yi a lasifikar waya, nemi abin sawa a kunne ko talabijin mai sauti mai kyau.

Wanda tsiraici da maye a fim suka fi ƙarfin abin da zai iya ɗauka, ya bar shi, bai yi asarar da za ta dame shi ba. Wanda kuma yake harkar fim, ko yake son sanin yadda zuwan sauti ya kifar da manya ya ɗaga ƙanana, ya tsallake shagalin farko ya fara daga safiyar lokeshan, ya bi shi har zuwa inda Sidney ya fita daga kamfani da jawabin Elinor. Wannan tsakiyar ita nake ba mutane shawara a kanta, kuma ita kaɗai nake da niyyar sake kallo.