Filasha ko fitilar LED: wacce mai hoton biki zai fara saya?

Ƙanena, ka ce kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, kana tambaya ko filashar kan kyamara za ka saya ko fitilar LED mai ci ba ɗaukewa, don aikin biki a nan Sakkwato. In da hoto kake ci, ni filasha zan ce maka.

Filasha tara wutar batir take yi, har ta kai wajen bolt 300, sannan ta sako ta gaba ɗaya cikin ɗan bututun gilashi mai iskar zenon. Walƙiyar ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sau da yawa ma ba ta kai ba. Shi ya sa take tsayar da motsi cak: amarya na juyi, ana liƙi, kuɗi na shawagi, komai ya fito tar. Da irin wannan hasken, amma wanda ya fi namu sauri nesa ba kusa ba, Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya kama harsashi yana ratsa tuffa a 1964. LED kuwa a hankali take ba da nata, don haka in ɗaki ya yi duhu aka motsa, hoto ya yi dishi-dishi.

Inda filasha ta fi yi mini rana shi ne ɗaurin aure bayan Juma'a. Rana na tsaka, rawani ya rufe goshi, ido ya faɗa inuwa. Ƙyasta filasha ɗaya ta buɗe fuska, kuma launin haskenta kusan na rana ne, farar shadda ba ta sauyawa. Ka kunna ƙaramar LED a ranar nan tamu, ko alamarta ba za ka gani ba.

Filasha tana da halinta fa. Bayan harbi mai ƙarfi sai ka jira ta daƙiƙa biyu ko uku. Da bazara, in ka matsa mata, ta yi zafi ta tsaya. In kuma ka wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa a saurin ɗaukar kyamara, baƙin layi ya yanke maka hoto.

LED ta fi sauƙin koyo, abin da idonka ya gani shi kyamara za ta ɗauka. A bidiyo kuwa ita kaɗai ce, filasha ba ta da aiki a can. To in masu kiranka bidiyon kamu da dina suka fi biya, juya maganata. Sai dai LED tana shan batir, tana kashe wa baƙi ido, da damina kuma ta tara wa amarya ƙwari.

Fitilar masu kiɗa mai walƙiya a jere daban ce, kar a sayar maka da ita a matsayin ta hoto. In ka tarar da ita a wurin dina, roƙi a kashe kafin ka fara: tana ɓata hoto, kuma walƙiya 3 zuwa 30 a daƙiƙa kan tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu.