Ƙungiyar Agaji ko Takiyyar Unguwa: Zaɓin Matashi a Gadarif

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, matashin Bahaushe mazaunin Gadarif a gabashin ƙasar da ke son ya maida ciyar da jama'a da kula da lafiyarsu sana'arsa yana da hanyoyi biyu a gabansa.

Ta farko ita ce aiki da ƙungiyar agaji, irin waɗanda ke raba kayan Hukumar Abinci ta Duniya. Akwai albashi da horo, sai dai ana neman takardar jami'a da Turanci, kuma rabo yana bin rajista, wadda sau da yawa take tsallake tsohuwar da ba ta da mai kai sunanta.

Ta biyu ita ce takiyya, wato girkin unguwa da masu sa-kai suke yi da gudummawar maƙwabta da 'yan'uwa mazauna Saudiyya. A nan babu albashi, kuma ranar da kuɗi ya yanke ba a ɗora tukunya. Amma wanda ya tsaya da asuba yana zuba adas, wani nau'in ƙaramin wake, a kwanukan da yara suka jera, shi ne ya san gidan da mai jego take kwana da yunwa. Da kwalara ta ɓulla a Kasala da Gadarif a 2024, irin wannan sanin ne ake buƙata kafin a kai maganin tsabtace ruwa gida-gida.

A ganina, ya fara da takiyya, domin amanar da unguwa ta ba shi za ta bi shi duk ofishin da ya shiga daga baya.