Matasan da ke kwashe mana ragowar abinci a Samaru: yabo da ƙorafi

'Yan uwana masu sayar da abinci sun dame ni da tambaya a kan matasan nan masu a-kori-kura da ke tsayawa a ƙofar shagona a Samarun Zariya da sassafe, shi ya sa na ga gara in yi bayani sau ɗaya kowa ya ji. Ba 'yan kwasar shara ba ne. Abin da ya fito daga tukunya da faranti da bakin wuƙa kawai suke karɓa, su kai wani fili ta wajen hanyar Bomo su mayar da shi taki, wani kuma su sayar wa masu kiwo.

Bokiti biyu masu murfi suke ba mutum. Ɗaya na ɗanyen kaya ne: ɓawon doya da na dankali, ganyen kabeji, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir. Ɗayan na dafaffe, wato ragowar shinkafa da taliya da ƙanzo. Leda da ƙashi da miya mai maiƙo ba sa so, kuma suna buɗe murfin su duba a gabanki. Kuɗin da nake biya a wata bai kai na mudun shinkafa biyu ba.

Amfanin farko a hanci na ji shi. A da, yarana kan juye komai a kwatar bayan shago, ruwa ya tsaya, ƙudaje su yi dandazo, da dare kuma ɓeraye. Duk mai sayar da abinci kusa da jami'a ta san ɗalibai: su sayi shinkafa da wake, su ci rabi, a kira su aji, su tashi su bar sauran. Yanzu kwatar tana gudu, kuma rigimata da mai shagon ɗinki na kusa da ni ta mutu.

Na je filin da kaina, domin ba na ba da kuɗina ga abin da ban gani ba. Tsibi-tsibi suke yi: su shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshen ganye, su zuba jiƙaƙƙen kaya a kai, su ƙara kashin awaki da 'yar toka, su sake rufewa da busasshe. Babbansu ya ce, "Hajiya, sa hannu ki ji." Cikin tsibin da zafi sosai. Ya ce zafin ne alamar abin yana nuna, in kuwa ya fara ɗoyi to ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta shiga, sai a juya a ƙara busasshe. Lokacin hunturu yayyafa ruwa suke yi don kada ya bushe ya tsaya cak, a watan Agusta kuma da tamfol suke fama. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙi, ya yi laushi, babu wari. Na sayi buhu na zuba wa alayyafo da latas a bayan gida, ganyen ya fito kore shar, ƙasar kuma ta fi riƙe ruwa. Masu lambu a bakin kogin Kubanni su ne manyan masu saye, tunda takin zamani ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi.

Inda na ga iyakar wannan sana'a shi ne da na kai su gidanmu na gado a cikin Birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Doka. Inna ta saurare su har ƙarshe, sannan ta ce, "'Ya'yan nan, me za mu zuba muku?" Gaskiyarta. Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Wanda ya wuce ɗumame almajiri na nan da roba a zaure. Ƙanzo a jiƙa shi a ba tumaki, ko a shanya a tara a buhu, har sayensa ake yi. Dusa kuɗi ce, kowar wake kuɗi ce, ruwan wankin hatsi ma na akuya ne. Kashin dabbobin da tokar murhu a tara a kusurwa, damina na gabatowa a kai gona. Bokitin ya yi kwanaki ba a rufe gindinsa ba, suka zo suka ɗauke abinsu. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar takin birni a mangala bisa jakuna suna kai wa gonakinsu.

Sabon Gari kuwa wata duniya ce. Gidajen haya ne ɗaki-ɗaki, babu filin ɗaure akuya, kuma abincin da ake ci a can ya fi fitar da ɓawo: doya, rogo, ayaba, lemu, abarba. Ƙawata mai shago kusa da kasuwa bokiti biyu ba sa isarta. Sai kasuwar Ɗan Magaji, inda tumatir kan yi arha lokacin kakarsa har wanda ya fashe ya rasa mai ɗauka. Na ƙauye kan yanka ya shanya ya yi kauɗa, amma wanda ya riga ya ruɓe a kwando sai juji. Da ni ce su, can zan fi sa ƙarfi.

Shi ya sa nake shakkar alƙaluman da ake yawo da su. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce kowane ɗan Nijeriya na zubar da kilo 189 na abinci a gida duk shekara. Awon da aka dogara da shi a garin Sapele na jihar Delta aka yi, kuma lissafin ya haɗa har da ɓawo da ƙashi. A rahoton 2024 adadin ya sauko zuwa kilo 113. To in tsakanin Birni da Sabon Gari, da ke gari ɗaya, akwai wannan rata, ina ga tsakanin Zariya da Sapele?

Ƙorafina a kan matasan daga wannan ratar ya taso. Kuɗi ɗaya suke yanka wa kowa, mai bokiti rabi da mai bokiti huɗu. Ni da nake ba su dafaffiyar shinkafa mai tsabta, wadda na san suna sayar wa masu kaji da tumaki, a ganina su ya kamata su rage mini, ba ni in biya daidai da mai ɓawon abarba ba. Na faɗa musu, sun ce man fetur ne ke cinye ribar tun da aka cire tallafi a 2023. Na yarda, amma maganata tana nan.

Na biyu, in an yi ruwa mai yawa motar ba ta iya shiga filin, sai su ƙi zuwa ba tare da ko kiran waya ba. Dafaffen abinci kuwa ba ya jira, kwana ɗaya ya yi tsami, ba ya ciyuwa ga dabba. Sannan a buhun da na saya na tsinci guntayen ledar magi da ta ruwa. Rariya suke buƙata mai ƙananan ido, su tankaɗe kafin su ɗura.

Wadda ke da shagon abinci a Samaru ko Kongo ko Sabon Gari, ko take zaune a gidan haya ba dabba, ta yi rajista da su, za ta huta. Ta dai ƙulla da su tun farko cewa ranar da ba za su zo ba su kira, kuma in za ta sayi takin ta kwance bakin buhun ta damƙa ta shinshina kafin ta biya, domin wanda bai gama nuna ba yana ƙona tsiro kuma yana jawo gara. Wadda kuma ke da tumaki a tsakar gida ta riƙe kuɗinta, sai dai in takin take so.