Tururi, dizal ko kwamfuta: a wace duniya za ku fara wasa?

Ƙanena, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce ka kasa raba sitimfank da dizalfank da saibafank, don duk hoton da ka gani mutum ne sanye da tabarau irin na masu walda, da wani ƙarfe a kafaɗa. Sannan ka ce ku biyar ne a Yelwa ta Bauchi, ba wanda ya taɓa jan wasan labari na kan tebur a cikinku (wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya hau matsayin wani mutum a cikin labarin, dayis ya yanke abin da zai faru), kayan aikinku dayis ɗin lido ne kawai, to da wanne za ku fara.

Ajiye hotunan tukuna. Masu zane ne suka rikita ka, su da suke liƙa wa komai bututun tagulla. Ni abu biyu nake dubawa a kowace duniya: me injinta yake ci, kuma wa yake juya mutanen da ke yi masa hidima. In ka amsa waɗannan, sauran duk ado ne.

Sitimfank kwal da ruwa yake ci. Zamaninsa na Sarauniya Biktoriya ne ta Ingila, 1837 zuwa 1901, sai dai an ƙyale fasahar tururi ta yi ta girma, fetur da lantarki ba su karɓe mata fage ba. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Tun a shekarun 1820 Charles Babbage ya tsara injin lissafi na haƙoran ƙarfe zalla, bai gama ƙera shi ba har ya rasu, amma a 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan ya bi ɗaya daga cikin zane-zanensa ya haɗa shi, ya kuwa yi lissafi daidai. Mai sitimfank sai ya ce, to da a ce an gama shi tun wancan lokacin fa? Sunan kansa a 1987 ya fito, cikin wasiƙar da marubuci K. W. Jeter ya aika wa mujallar Locus, yana tsokanar saibafank da ke tashe a lokacin.

Dizalfank ya fara daga inda wancan ya tsaya: daga Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa bayan na Biyu. Baƙin mai, tankar yaƙi, rediyo, masana'anta mai hayaƙi, gwamnati mai ido a kan kowa. Shi a teburin wasa ma aka raɗa masa suna, a 2001, lokacin da Lewis Pollak yake tallan wasansa Children of the Sun. Saibafank kuwa gobe ce da ta lalace. Kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, mutum yana cire hannunsa a dasa masa na ƙarfe, kuma bayanan da ke cikin kwamfuta sun fi zinariya tsada.

Bayani irin wannan bai cika zama a kai ba, don haka mu ɗauki aiki guda mu gwada shi sau uku. An ce wa 'yan wasanka akwai akwati a jirgin ƙasa da zai tashi daga Bauchi zuwa Gombe, a ɗauko shi kafin ya isa.

A duniyar tururi, jirgi ba ya doguwar tafiya bai sha ruwa ba. Dole ya tsaya a wata ƙaramar tasha a cika masa tanki, kuma a wannan tsayuwar labarin yake. Ga ɗan wuta nan yana watsa kwal cikin murhu da shebur, zufa ta jiƙa shi sharkaf, albashinsa bai taka kara ya karya ba. Ana iya sayensa, ana iya lallashinsa, yana iya tona asiri. Ga allurar da ke nuna ƙarfin tururi. In wani ɗan wasa ya ɗaure bawul ɗin da ke rage matsi don jirgi ya ƙara gudu, kai mai jan labari sai ka fara ƙirge a zuci, don tukunya tana iya tarwatsewa da kowa. Labarin satar ta wayar tangarahu zai riga su isa Gombe, ke nan sai wani ya hau turke ya datse ta da filaya. Komai ana ganinsa, ana taɓa shi, ana kwance shi da sifana. Mutum biyar masu wayo suna iya gagarar jirgi guda, har su ɓace a daji ba a san ko su wane ne ba.

A duniyar dizal, jirgin ba ya tsayawa shan ruwa. Soja ne a kowane tarago, ana duba takardar izinin tafiya, kuma rediyo ba ta da wayar da za a datse. Kafin su tsallake kogin Gongola jirgin sama ya fara shawagi a kansu. A nan dabarar bakanike ba ta isa ba, sai da kakin sata da takardar jabu da wani jami'i na ciki da ya gaji da gwamnati. Abokin gabarsu ya tashi daga attajiri ɗaya mai gashin baki, ya koma hukuma sukutum, wadda in ka kawar da kyaftin yau gobe ta turo wani. Wasan yakan yi nauyi, yakan yi duhu, ko da yake yana da ɓangaren nishaɗi na matuƙan jiragen sama masu kasada.

A saibafank ma babu akwatin. Abin da ake nema yana cikin kan wata fasinja, an dasa mata shi. Jirgin na kamfani ne, kyamara ta ɗauki fuskokinsu tun a bakin tasha, ɗaya daga cikinsu yana kwance a wani ɗaki a unguwar Wunti ta Bauchi ya kutsa cikin kwamfutar jirgin, kuma wanda ya ba su aikin, goma tara, shi zai sayar da su. Bambancin tururi da wannan kamar bambancin mai gyaran janareta ne da mai gyaran waya: na farko yana warware injin ya baje shi a kan buhu ya gane kowane ƙarfe, na biyu kuwa akwai inda in ya kai sai ya tarar kamfani ya kulle da lamba.

Yanzu ga wasannin kansu. Na tururi da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Space: 1889 na Frank Chadwick, daga ƙarshen shekarun 1980. A cikinsa Thomas Edison ya ƙera abin da ya kai shi duniyar Mars, Ingila kuma ta bi sawu ta kafa mulkin mallaka a can. Castle Falkenstein na Mike Pondsmith ya zo a 1994, Turai ce ta shekarun 1870 amma da aljanu da dodanni suna shiga siyasa, kuma da karta ake yin sa maimakon dayis, wai don masu daraja na wancan zamanin ba sa jefa dayis. A wurinmu kam wannan hujja ta juye: ka baje karta a zaure, kafin ka yi bayani Baba ya yanke hukuncin caca kuke yi. Deadlands na 1996 ya kai tururin yammacin Amurka na 1876, inda wani dutse mai cin wuta fiye da kwal yake tuƙa injuna, shi kuma ya haɗa dayis da karta da 'yan kwabban caca gaba ɗaya. Iron Kingdoms yana da mutum-mutumin yaƙi masu cin kwal, in kwal ya ƙare a tsakiyar faɗa sai su tsaya cak, abin da nake ganin ya fi kowane ado nuna cewa marubutan sun ɗauki tururi da gaske.

Dizal ba shi da wasanni da yawa haka. Crimson Skies na 1998, inda Amurka ta wargaje ƙananan ƙasashe a shekarun 1930 'yan fashin sama suna tare manyan jiragen balan-balan, wasan faɗan jirage ne a kan allo fiye da wasan labari. Saibafank kuwa gidan yawa ne. Pondsmith ɗin nan dai shi ya fitar da Cyberpunk a 1988, bugun Cyberpunk 2020 ya biyo baya a 1990, sai Cyberpunk RED a 2020. Dayis mai fuska goma yake so, kuma duk ƙarfen da ka dasa a jikinka yana rage maka makin mutuntaka, har in ka zarce hankalinka ya gushe. Shadowrun na 1989 ya zuba sihiri a kan wannan duka. Dayis ɗinsa irin na lido ne, amma cikin hannu ake jefawa, dokokinsa kuma suna da kauri. Ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba.

Akwai guda biyu da ake yawan jefawa cikin kwandon sitimfank alhali ba nan ne gidansu ba. Eberron na Keith Baker, wanda ya fito a 2004 don wasan labari na Dungeons & Dragons, yana da jirgin ƙasa da jiragen sama, amma ba kwal ko ɗaya, ruhohin iska da wuta aka ɗaure suke ja. Kuma an buɗe labarinsa ne bayan wani dogon yaƙi, da sojojin ƙarfe da aka 'yanta ba su san inda za su nufa ba, don haka a ɗabi'a ya fi kusa da dizal. Blades in the Dark na John Harper, 2017, birni ne da rana ta mutu masa, fitilunsa da jinin dodannin teku suke ci, fatalwa na yawo a lungu. Kulokfank kuwa, mai aiki da sifirin da ake murɗawa irin na tsohon agogo, ya riga tururi a zamani. In za ka je can, kada ka tsaya a Turai: al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, da agogon giwa mai aiki da ruwa a ciki.

Ga inda nake so ka daɗe kana tunani. Yawancin littattafan sitimfank daga cikin taragon manya suke kallon duniya: bature mai doguwar hula ya tafi gano ƙasa, mutanen ƙasar kuma 'yan dako ne a bayan hoto. Mu tururi ta wata ƙofar ya shigo mana. Turawa sun ci Bauchi a 1902. A 1903 aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu. Dogo ya iso Kano a 1911. Aka shimfiɗa wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka gama a 1914, ana kiransa ƙaramin dogon Bauchi ko da yake bai taɓa shigowa garin Bauchi ba. Don kuza aka yi shi, lokacin tsaunukan Jos suna cikin lardin Bauchi, kuma kafin shi a ka ake ɗaukar kuzar. An rufe shi a 1957. Garin Bauchi da Gombe sai a farkon shekarun 1960 suka ga jirgi, a layin da ya kai Maiduguri a 1964. Kwal ɗin jiragen daga Inugu yake zuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma an kwashi mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza, wanda shi kaɗai ya isa labarin dizalfank na shekara guda.

To, juya tambayar Babbage ta zama tamu. Da a ce maƙeran Bauchi, masu narka tama da zugazugi tun kafin bature, sun gano tukunyar tururi a shekarun 1870 fa? Kwal yana nan a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko, ba ƙirƙira ba ce, ana haƙarsa yanzu haka. Wa zai riƙe ramin, sarki ko sarkin maƙera? Fatake masu jakuna za su zuba ido jirgi ya kashe musu sana'a? Malamai me za su ce a kan injin da ke lissafin gado? Wa zai shiga rami, bawa ko ɗa? Kada ka mai da shi aljanna don kawai namu ne. In babu wanda hayaƙin ke shaƙewa, ado kawai ka yi, irin na hotunan da suka rikita ka.

Amsar kashi na biyu: ku fara da tururi. Saibafank zai ci maka lokaci wajen bayanin kutse, kuma yayin da mai kutsen yake aikinsa sauran ukun suna zaune suna danna waya. Dizal yana son 'yan wasan da suka riga suka saba da juna, masu iya jure labarin da ba a cika cin nasara ba. Tururi kuwa kowa ya san wuta da ruwa da ƙarfe, ba sai ka karanta musu shafi talatin ba.

Dokoki kuma ka ari na Blades in the Dark, tunda dayis mai fuska shida yake amfani da shi, kuma an saki ginshiƙin dokokinsa kyauta a intanet. Ɗan wasa yana jefa dayis gwargwadon ƙwarewarsa, ɗaya ko biyu ko uku, a ɗauki mafi girma. Shida, ya yi nasara. Huɗu ko biyar, ya yi nasara amma da matsala: ya datse wayar, sai dai mai gadi ya ga fuskarsa. Ɗaya zuwa uku, abu ya ɓaci. Akwai kuma damar komawa baya, ɗan wasa ya ce ai tun jiya na ba ɗan wutan nan goro da kuɗi, ya biya da makin gajiya, a ci gaba. Wannan yana hana a ɓata awa biyu ana shirin da zai rushe a jifan farko. Fatalwa da jinin dodanni ka cire su in akwai wanda ransa bai kwanta da su ba, dokokin ba za su karye ba.

Dayis huɗu sun ishe ku, da takarda guda ga kowa. Ka raba musu sana'o'i: maƙeri, ɗan wuta da aka kora daga aiki, 'yar fatake da ta san hanyoyin daji, magatakarda mai karanta tangarahu. Kai ne na biyar, kai ke jan labari. In kun yi wata biyu ko uku kuna jin daɗinsa, ka tsallake shekara talatin a taswirar nan dai, ka kawo motocin dizal da soja, 'ya'yan waɗancan su gaji rigimar.